Mota a gaɓar kogi, keke a kan jinga: yadda muka zaɓi Loire

Wanda zai yi hutu da mota mai ɗaki, irin wadda ake kwana a ciki, a yi girki, a yi wanka, kuma ya ɗaura kekuna a bayanta, yana da wata damuwa da mai keke zalla bai san ta ba. Mai keke zalla in gari ya waye gaba kawai yake yi, inda dare ya riske shi nan ne masauki. Kai kuwa gadonka da tukunyarka da butarka duk suna cikin motar da ka baro. Komai nisan da ka yi, dole ka komo mata kafin duhu. Wannan magana ɗaya muka yi ta juyawa a gidanmu da ke Kolon tun sanyi bai gama tafiya ba, kuma ita ce ta zubar da yawancin ƙasashen da aka fara kawo sunayensu.

Mu huɗu ne. Babban ɗanmu shekararsa 14, kullum a keke yake zuwa makaranta, gani yake ba tudun da zai gagare shi. Auta shekararta 9. Maiɗakina 'yar Damagaram ce, ba ta taɓa hawa keke ba sai a nan Jamus, a wani kwas da ake yi wa mata baƙi ranar Asabar. In hanya ta miƙe tana tuƙi lafiya lau, amma ba ta shiri da gangara, kuma in mota ta wuce ta dab da ita sai hannunta ya fara rawa. Don haka tun farko na san ƙafafunta da na auta ne ma'aunin tafiyar, ba na yaron ba.

Shi ne ya fara buɗe baki. "Abba, don Allah Nowe. Ka ga hotunan Lofoten kuwa?" Na gani mana. Duwatsu tsaye cikin teku, 'yan gidaje ja a bakin ruwa, mota guda a gefe ba kowa kusa da ita. Sai dai daga Kolon zuwa can ya haura kilomita 2,500, ga kuɗin jirgin fito, ga kuɗin hanya, kuma motar haya ce wadda a lokacin zafi kuɗinta ya wuce Yuro 100 a rana ko ta motsa ko ba ta motsa ba. Rabin hutun zai ƙare ina riƙe da sitiyari, kekuna na shan ƙura a baya. Hanyoyin gaɓar tekun Nowe kuma cike suke da ramukan da aka huda cikin dutse, da yawansu an hana mai keke shiga. Ga maganar salla: a arewacin ƙasar rana ba ta faɗuwa sam daga ƙarshen Mayu har cikin Yuli. Malamai sun yi bayanin yadda ake ƙaddara lokaci a irin wannan wuri, amma ni dai ban ga abin da zai sa in kwashi iyali in kai su inda za mu riƙa lissafin magariba da agogo rana na tsaye ba.

Birtaniya ba ta daɗe a teburin ba. Fasfona na Najeriya ne, takardar zamana ta Jamus tana shigar da ni ƙasashen Schengen har kwana 90 cikin 180, amma ba ta ƙetara da ni Ingila sai na nemi biza daban. Ƙara da tuƙa ƙatuwar mota a hannun hagu a 'yan ƙananan hanyoyin karkara, na ce a bar wa masu ƙarfin zuciya. Arewacin Italiya maiɗakina ce ta kashe maganar da kanta, da ta ga yadda hanya ke nannaɗe dutse.

Holan kuwa, in don keke ne kawai, ba ta da na biyu. Ƙasa shimfiɗe, hanyar keke daban da ta mota, ga tsarin nan na lambobi a kowace mahaɗa, wanda wani injiniyan haƙar kwal mai suna Hugo Bollen ya ƙirƙiro a yankin Limburg na Beljiyam, aka fara aiki da shi a 1995, Holan ta ɗauka ta baza shi ko'ina. Sai ka rubuta lambobi a 'yar takarda ka manna a kan keke, ka bi su ɗaya bayan ɗaya har su zagayo da kai inda ka taso. Ga mai mota mai ɗaki wannan shi ne magani, tunda zagaye ne, ba miƙaƙƙiyar hanya ba. Matsalarta biyu. A garuruwa da yawa an hana kwana cikin mota a gefen titi, sai a sansani, su kuma sansanonin bakin teku tun da wuri ake cike su. Ta biyun yara ne suka kawo ta: Holan nan ce kusa da gida, muna leƙa ta ranar Lahadi mu dawo, wane irin hutu ne wannan?

Saura uku da suka yi takara ta gaske: kogin Danube a Ostiriya, tafkin Bodensee, da kogin Loire a Faransa.

Zuciyata ta fi karkata ga Danube. Daga Passau zuwa Vienna kimanin kilomita 320 ne, kusan duk a gefen ruwa, kuma ba hanyar keke a Turai da ta kai ta suna wajen masu tafiya da yara. Wani tsohon maƙwabcinmu Bajamushe, wanda tun da ya yi ritaya ya fi kwana a motarsa fiye da gidansa, shi ya sa na sake duba taswira. Ya ɗora yatsa a Passau ya ce in nuna masa layin dogo. Na bi layin da ido, sai na ga ya bar kogin ya yi kudu ta Wels kafin ya sake haɗuwa da shi a Linz. Wato daidai inda kogin ya fi kyau, wajen babban lanƙwasan nan na Schlögen, ba jirgin ƙasan da zai maido ka wurin mota. Ko dai ka koma ta inda ka fito, ko ka jira jirgin ruwa da lokacinsa, ko kuma mutum ɗaya ya haƙura da keke ya zama direba. A gidanmu ni kaɗai ke iya tuƙa motar, don haka an san wa zai haƙura.

Bodensee ta fi sauƙi ta wannan fuska. Zagaye ne na kimanin kilomita 260 da ya ratsa Jamus da Ostiriya da Suwizalan, jiragen fito suna tsallaka tafkin daga Konstanz zuwa Meersburg da kuma daga Friedrichshafen zuwa Romanshorn, jirgin ƙasa na bin gaɓa. Abin da ya rage mata maki cunkoso ne, don a hutun makaranta hanyar kan cika har mai koyo ya rasa inda zai saka taya. Sai kuma ƙananan abubuwa na gefen Suwizalan da ke taruwa su yi yawa: takardar hawa babbar hanya Faran 40 ce ta shekara guda ko da yini ɗaya za ka yi, layin waya na Tarayyar Turai ba lallai ya yi aiki a farashin gida ba, kuma naman da aka yarda mutum ya shiga da shi kyauta kilo ɗaya ne kacal. Mu da muke cika firji da naman halal daga wajen mahaucinmu Baturke kafin mu tashi, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Da muka shimfiɗa taswirar Loire, ko musu ba a yi ba. Kogin ne mafi tsawo a Faransa, ya haura kilomita 1,000, kuma hanyar keken da ake kira La Loire à Vélo ta kai kimanin kilomita 900, daga Cuffy kusa da Nevers har Saint-Brevin-les-Pins a bakin Atlantika. Amma ba tsawon ne ya ja ni ba. Layin dogo ne: Orléans, Beaugency, Blois, Amboise, Tours, Saumur, Angers, Nantes, yana tafe kafaɗa da kafaɗa da ruwan, tasha bayan tasha. Maiɗakina ta ƙara da nata dalilin. "Maigida, a can dai in na shiga kanti ni zan karanta abin da ke jikin gwangwani, ba sai na jira yaro ya fassara mini ba." Faransancin da ta yi a makaranta a Damagaram ya fi Jamusancinta ƙarfi har gobe.

Kafin a tashi akwai lissafin nauyi, kuma shi ma yana da hannu a zaɓen wuri. Lasin ƙaramar mota iyakarsa tan 3.5. Motar da kanta ta cinye mafi yawan wannan, abin da ya rage shi za a raba tsakanin mutum huɗu, kekuna huɗu, tukunyar gas, abinci da ruwa, kuma kowace lita ta ruwa kilo guda ce. Ƙarfen da ake ɗaura kekuna a baya shi ma yana da iyaka, yawanci wajen kilo 60, keken lantarki ɗaya kuwa yakan kai kilo 25. Da tudu muka zaɓa, da dole a nema wa maiɗakina na lantarki, da kuma lissafin ya ɓaci. Da yake kwari muka nufa, kekunanmu na gida suka wadatar. Nata irin mai buɗaɗɗen gaba ne, sarƙar a rufe, don doguwar riga ba ta jituwa da sarƙa tsirara. Auta kuma hular kwano dole, domin tun 2017 doka ce a Faransa ga duk yaron da bai kai shekara 12 ba.

Muka ratsa Beljiyam, inda babbar hanya kyauta ce, muka shiga Faransa inda ba kyauta ba. A tolget ɗinsu tsayin mota ake dubawa: tsakanin mita 2 da 3 aji na biyu ne, in ta wuce mita 3 an jefa ka aji na uku tare da manyan motoci, kuɗin ya yi tsalle. Shi ya sa tun wajen haya na ƙi mai ƙusumbin nan a saman direba, duk da yara ita suka so. Takardar hayaƙi ta Crit'Air na riga na tabbatar tana manne a gilashi saboda kewayen Faris. Sama da kilomita 600 ne zuwa Orléans, daga nan kuma tuƙi mai nisa ya ƙare sai ranar komawa.

Tsarin da muka zauna a kai mai sauƙi ne. A ajiye mota wuri ɗaya ta huta, a ci duk abin da ke gabas da yamma da ita da keke da jirgi, sannan a matsa gaba kaɗan. A Amboise ne abin ya fi zama daidai. Akwai tsibiri a tsakiyar kogin, Île d'Or, da sansani a kansa ƙarƙashin manyan itatuwa. In ka fito ka hau gada, hagu da dama duk amfani ne: ɓangare ɗaya gari da fadar sarakuna a saman dutse, ɗaya ɓangaren tashar jirgi. Da asuba bayan salla nakan fita in dubi ganyen itatuwa in ga ina iska ta nufa. A wannan kwari ta fi zuwa daga yamma, daga teku. In ta yamma ce, sai mu hau jirgi mu nufi Tours, mu juyo da keke tana tura mu ta baya. In gari ya yi lum, sai mu hau zuwa Blois mu gangaro. Ƙa'idar da ban taɓa karyawa ba ita ce jirgi da safe, keke da yamma. Wanda ya fara da keke zai yini yana duba agogo kada jirgin ƙarshe ya bar shi da yara a wani ƙauye. Wanda ya fara da jirgi kuwa gida yake nufa, ko taya ta yi faci ba abin da zai tsere masa.

Shiga jirgin da kekuna huɗu aiki ne na 'yan daƙiƙu da ke buƙatar shiri. A lokacin zafi akwai jiragen da ake ware wa kekuna tarago, amma gara mutum ya kama wuri tun da wuri. Mukan cire jakunkuna tun jirgi bai iso ba, yaron ya shiga ya tsaya a ƙofa, ni ina miƙa masa daga ƙasa, uwar ta riƙe hannun auta da jakunkunan. Keken uwar ne mai nauyi, shi muke fara turawa tun ƙarfi bai ƙare ba. A ciki ana rataye su ta tayar gaba a ƙugiya, kuma in ka manta gorar ruwa a jiki za ta faɗo a ƙafar wani.

Daga Blois zuwa Amboise kusan kilomita 40 ne, ya fi ƙarfin auta a yini ɗaya. Amma wajen tsakiya akwai Chaumont-sur-Loire, da fadarta a kan tudu da lambunan da ake baje kolinsu duk shekara tun 1992, kuma in ka tsallaka gada ga tashar Onzain. A nan muke rabuwa. Uwa da 'ya su ci abinci a inuwa, su hau jirgi, kafin mu iso sun ɗora tukunya. Ni da yaron mu ƙarasa sauran, inda hanya ke barin kogi ta hau cikin gonakin inabi. Masu talla sukan ce Loire duk shimfiɗe take. Ba haka ba ne, akwai 'yan hawa bayan Chaumont da kuma wajen Montlouis da za su sa mai koyo ya sauka ya tura. Abin da ke akwai shi ne kusan kowane irin wuri yana da tasha kusa da za a kauce masa.

Inda hanya ta hau kan jinga, wato tudun ƙasar da aka gina tun ɗaruruwan shekaru don tare ambaliya, nan maiɗakina ta saki jiki. Kana sama, ruwa a gefe ɗaya, rufin gidaje a ɗaya gefen. A watan Yuli kogin ya ja baya, yashi ya fito tsibiri-tsibiri, ta ce sak gulbin Maraɗi bayan damina. Auta ta so shiga, muka hana. Allunan hana wanka suna ko'ina, kuma ba don ado ba: yashin yakan zabtare ƙarƙashin ƙafa, ruwan da ke kama da kwantacce yana da ja. A 1969 yara 19 suka nutse rana ɗaya a Juigné-sur-Loire, mutanen yankin ba su manta ba.

Akwai abin da littattafan yawon buɗe ido ba za su gaya wa Musulmi ba, kuma a wurina ya kai layin dogo muhimmanci. Bayin motar ɗan akwati ne da bai kai lita 20 ba. An yi shi ne don masu amfani da takarda. Gidan da ake tsarki da buta, mutum huɗu, kafin ka ankara fitilar ja ta kama. Ruwan tanki ma haka, alwala sau biyar ta mutum huɗu ba wasa ba ce, ko da mun koma yin ta a waje kan ciyawa. Saboda haka ƙasar da wuraren zubar da ƙazanta da ɗibar ruwa suka yi nisa da juna ba tamu ba ce. Faransa a nan ta ciri tuta, don ƙauye ƙanƙane ma sai ka tarar ya ware fili ga irin waɗannan motoci, da ɗan ginshiƙi na ruwa da wuta. Wani da kati ake biya, wani sai ka sayo ɗan kwabo na musamman a gidan burodi ko ofishin magajin gari.

Aikin nawa ne, ba wanda ya yi mini takara. Ka daidaita mota kan ramin da ke ƙasa ka buɗe ruwan wanke-wanke ya zube. Ka sa safar hannu, ka buɗe 'yar ƙofar gefe, ka zaro akwatin, ka kai shi nasa ramin, ka juya bututun, ka danna maɓallin iska da babban yatsa don kada ya fantsamo maka. Famfo biyu ne a jikin ginshiƙin, ɗaya na ɗauraye akwati, ɗaya na sha. Na ga wani da idona ya zura na sha cikin akwatinsa yana fito, ko a jikinsa. Tun daga ranar nake goge bakin famfo da ruwan kashe ƙwayoyin cuta kafin in haɗa tiyona, ruwan sha kuma na kanti muke saye.

Salla ba ta ba mu wahala ba. Muna kasaru, muna haɗa azahar da la'asar a duk inuwar da ta samu, alƙibla kudu maso gabas. Magariba sai goma saura, wanda ya ba mu dogon yammaci na hawa bayan zafi ya karye. A sansani mukan shimfiɗa darduma tsakanin mota da shinge. Maƙwabta, galibinsu tsofaffin Faransawa da 'yan Holan, wasu su kau da kai, wasu su rage rediyo. Juma'a a Tours muka yi ta, cikin Larabawan Magrib da Turkawa da 'yan Afirka ta Yamma, kuma a unguwar muka sake cika firji da nama. Abinci dai sai da lura, don abin alfaharin Tours wani dakakken naman alade ne da ake shafawa a burodi, kuma yankin gaba ɗaya na masu giyar inabi ne. Akwai tsarin France Passion, inda manoma ke barin mai mota ya kwana kyauta a gonarsu dare ɗaya, amma da yawansu masu inabi ne, kuma kunya za ta sa ka sayi abin da mai gida ke sayarwa. Maiɗakina ta tace jerin ta samo mana masu awaki. A can muka ci cukun Sainte-Maure, dogo mai toka a jiki da tsinken kara a tsakiya. Auta ta ce warin bunsuru yake, uwar ta cinye rabonta.

Fadojin da suka sa UNESCO ta saka wannan yanki a jerin kayan tarihin duniya a 2000 suna da yawa, kuma kuɗin shiga na mutum huɗu ba ya barin a bi su duka. Ni a ganina biyu sun isa, na uku yara sun fara hamma. Chambord, wadda Sarki François na Ɗaya ya fara ginawa a 1519, mun shige ta ta cikin daji a keke, ta ƙofar katangar da ta kewaye ta mai tsawon kilomita 32. Abin da ya tsaya wa yara a rai matakalar tsakiya ce mai hawa biyu a nannaɗe, kowa ya bi tasa, suna hango juna ta taga ba sa haɗuwa. Chenonceau kuma a kan kogin Cher aka gina ta kamar gada, kuma a Yaƙin Duniya na Biyu kogin ne iyaka tsakanin yankin da Jamus ta mamaye da wanda ba ta mamaye ba, har mutane suka riƙa tserewa ta cikin dogon zaurenta. Gidan da Leonardo da Vinci ya rasu a 1519 yana nan cikin Amboise, tafiyar ƙafa daga inda muka ajiye mota, yaron ya je shi kaɗai.

Ni abin da ya fi tsaya mini ba fada ba ce. Tsakanin Beaugency da Blois, hanya na lanƙwasa sai ga manyan hasumiyoyi biyu suna fitar da farin tururi a bakin ruwa, tashar nukiliya ta Saint-Laurent. Irinta huɗu ne a kan Loire, kuma kusan kashi biyu cikin uku na wutar Faransa daga nukiliya take. Maiɗakina ta taka birki ta sauke ƙafa ɗaya. Ta ce da yaron, "Ka san Arlit? Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a can arewacin Nijar, an yi shekaru ana kawo wa ƙasar nan. Kakarka kuwa har ta rasu da fitilar ƙwai take kwana." Yaron ya yi tambayoyi har muka isa Blois, wasu na amsa, wasu uwar ta amsa da zafi fiye da yadda zan iya.

Amfanin motar ya fito ranar da zafi ya hana hawa. Muka bar kogin muka yi kudu, wajen Moussais kusa da Châtellerault, inda aka kafa alamar yaƙin 732 tsakanin rundunar Abdurrahman al-Gafiƙi da ta Charles Martel, wanda malaman tarihin Musulunci ke kira Balaɗush Shuhada. Fili ne da alluna a kan tudu, gonaki a ƙasa. Da keke zalla muke, da ba mu kai can ba. Darasin zafin kuma shi ne a nemi inuwa kafin a nemi kyan wuri, don motar da ta yini a rana ba ta kwanuwa sai tsakar dare.

Zangonmu na ƙarshe Saumur ne. Farin dutsen da aka gina fadojin da shi daga cikin tudun nan aka sassaƙo shi, ramukan da aka bari mutane suka mai da su gidaje da rumbuna da wuraren noman naman kaza. A Souzay-Champigny hanyar keken da kanta ta kutsa cikin dutsen, ka fito daga rana mai ƙuna ka faɗa sanyi kamar an buɗe firji, ga ƙofofi da tagogi a jikin bango. Auta ta sa muka koma muka sake bi. A wannan yanki ne maiɗakina ta yi tafiyarta mafi tsawo, ba ta nemi tasha ba, har ta wuce ni a kan jinga tana danna ƙararrawa.

Yaron ya so mu zarce Angers da Nantes har mu ga inda kogin ya shiga teku. Na duba kalanda na ce a'a. Ƙarshen Yuli ya matso, kuma Asabar ɗin da masu hutun Yuli ke komawa masu na Agusta ke fitowa ita ce ranar da hanyoyin Faransa suka fi cushewa a shekara, bakin teku kuma a lokacin ko wurin ajiye keke sai an yi rabo. Muka juya ranar Laraba ta Le Mans da Chartres, muka kwana a wani ƙauye kafin iyakar Beljiyam, inda na zubar da akwatin na wanke shi tas, don kamfanin haya yana cirar tara mai tsoka daga kuɗin ajiya in aka maido masa da shi da ko ɗigo a ciki.